Su wane ne ke zaɓen Fafaroma, kuma wa ya ɗora su a kan wannan aiki?

Mai Rediyo, Funtuwa

Jama'ar wannan zaure, assalamu alaikum. Tambayata ta shafi mutanen da ke zaɓen Fafaroma, shugaban ɗarikar Katolika ta duniya, kuma ina roƙon waɗanda suka san lamarin, musamman 'yan'uwanmu Kirista, su yi mini bayani a tsanake. Lokacin da Fafaroma Francis ya rasu ranar 21 ga Afrilun 2025, kafofin labarai sun yi ta nanata cewa kadinaloli, wato manyan limaman cocin, su 135 ne suka cancanci kaɗa ƙuri'a, kuma 108 daga cikinsu marigayin ne ya naɗa su da kansa. Wannan adadi shi ne ya tsaya mini a rai.

A ƙasar Hausa mun san masu zaɓen sarki. A Kano, alal misali, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta ne ke zama idan sarki ya rasu, kuma kowace sarauta cikin huɗun nan tana da gidan da take fitowa, ba a ɗauko mutum haka kawai a mai da shi mai zaɓe. Idan sun gama shawara kuma sai an kai wa gwamna, domin shi ke da magana ta ƙarshe. To, idan Fafaroma shi kaɗai ke naɗa waɗanda za su zaɓi magajinsa, ba gida ba gado, ashe ba shi ne ya zaɓi magajin tun yana raye ba, sauran duk ado ne? Na biyu, akwai wani mai iko a waje, gwamnatin Italiya ko wata, da ake kai wa sunan don ya amince? Na uku, an ce Najeriya tana da kadinaloli 4 a lokacin, amma mutum ɗaya tak ya shiga ɗakin zaɓen. Me ya hana sauran?

Ɗalibin Tarihi, Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da tambayarka ta biyu, domin amsarta ce ke buɗe hanyar ta farko. A yau babu wanda ake kai wa sunan, ba shugaban Italiya ba, ba wata majalisa ba. Da zarar mutum ya sami kashi biyu cikin uku na ƙuri'un, aka tambaye shi ko ya yarda ya ce ya yarda, ya zama Fafaroma nan take, tun kafin jama'ar da ke waje su ji sunansa. Amma ba haka abin yake tun asali ba, kuma dokokin da ake bi yanzu kusan kowace ɗaya an kafa ta ne don toshe wata ƙofa da masu mulki suka taɓa shigowa ta cikinta.

A ƙarnonin farko limaman birnin Roma da jama'arsa ne ke tsai da bishop ɗinsu, wanda shi ne Fafaroma. Daga baya manyan gidajen birnin da sarakunan Jamus suka mai da kujerar abin kokawa, wannan ya ɗora nasa, wancan ya tuɓe shi. A 1059 Fafaroma Nicholas na 2 ya zartar cewa kadinaloli ne za su riƙa jagorantar zaɓen, sannan a 1179, a zamanin Alexander na 3, aka kafa sharaɗin kashi biyu cikin uku, bayan an sha fama da mutum biyu kowanne yana cewa shi ne Fafaroma. Kulle masu zaɓe a wuri ɗaya kuwa ya samo asali ne daga abin da ya faru a garin Viterbo. Fafaroma Clement na 4 ya rasu a 1268, kadinalolin da ba su kai 20 ba suka rabu gida biyu, aka yi kusan shekara uku ba a tsai da kowa ba. Da mutanen garin suka gaji, sai suka kulle su, suka rage musu abinci, har suka kware rufin ginin da suke ciki. Wanda aka zaɓa a 1271, Gregory na 10, shi ne ya mai da kullewar doka a 1274, har da sharaɗin a riƙa rage abinci idan zaɓen ya ja kwanaki.

Abin da ya yi kama da hannun gwamna da ka ambata ya daɗe bai mutu ba. Sarakunan Faransa da Sifen da Ostiriya sun riƙa da'awar cewa suna da ikon hana a zaɓi wanda ba sa so. Karo na ƙarshe da aka yi haka shi ne a 1903, lokacin da kadinal na Krakow ya miƙe a cikin ɗakin zaɓe ya sanar da cewa Sarki Franz Joseph na Ostiriya bai yarda da Kadinal Rampolla ba, alhali shi ne ke kan gaba a ƙuri'u. Wanda ya yi nasara a wannan zaɓe, Pius na 10, bai cika shekara a kan kujera ba ya haramta al'adar, ya kuma sa hukuncin kora daga tarayyar coci a kan duk kadinal da ya sake ɗauko irin wannan saƙo.

Yanzu ga tambayarka ta farko. Gaskiya ne Fafaroma shi kaɗai ke naɗa kadinal, ba ya neman amincewar kowa, kuma Francis ya yi bikin naɗi sau 10, na ƙarshe a watan Disambar 2024. Sai dai tarihi bai goyi bayan cewa wanda ya naɗa masu zaɓe ya zaɓi magajinsa ba. A 2005 mutum 115 suka shiga zaɓe, dukkansu John Paul na 2 ne ya naɗa su in ban da mutum 2, kuma ɗaya daga cikin biyun nan, Joseph Ratzinger, wanda Paul na 6 ya naɗa tun 1977, shi suka zaɓa, ya zama Benedict na 16. Mai gardama zai ce ai Ratzinger na hannun daman John Paul ne, kuma gaskiyarsa. To amma a 2013 fa? Duk masu zaɓen John Paul ko Benedict ne suka naɗa su, mutanen da ake kallo a matsayin masu riƙo da tsohuwar hanya, sai ga shi sun ɗauko Bergoglio daga Ajantina, wato Francis, wanda salonsa ya saɓa wa na magabacinsa tun daga takalmin da ya saka da gidan da ya zauna. Haka ma a 1958, waɗanda suka fito daga zamanin Pius na 12 suka zaɓi dattijo mai shekara 76, John na 23, da tunanin zai ɗan riƙe kujerar ne kawai, shi kuwa ya kira babban taron Batikan na biyu wanda ya sauya fuskar cocin baki ɗaya.

Dalilin, a ganina, shi ne sharaɗin kashi biyu cikin uku haɗe da ƙuri'ar sirri. A 2025 mutum 133 ne suka shiga, domin Kadinal Cañizares na Sifen da Kadinal Njue na Kenya ba su da lafiya, saboda haka sai mutum ya sami ƙuri'a 89. Babu wani ɓangare da zai tara 89 shi kaɗai, kuma mutum 45 sun isa su hana kowa wucewa. Wannan yana tilasta a nemo wanda mafi yawan jama'a za su iya zama da shi, ko da ba shi ne zaɓin farko na kowa ba. Sannan wanda ya naɗa ka ya riga ya kwanta dama, ba ya da abin da zai ba ka ko ya ƙwace maka.

Katikis, Kafancan

Salama a gare ku duka. Malam Mai Rediyo, na ji daɗin yadda ka yi tambayar cikin mutunci, kuma ɗan'uwanmu na Zariya ya sauƙaƙa mini aiki. Ni ɗan Katolika ne, ina koyar da masu shirin baftisma, saboda haka zan ƙara abin da ya shafi ko wane ne kadinal da yadda ake yin zaɓen a cikin ɗaki.

Matakan naɗin limanci a wurinmu uku ne: dikin, fada, bishop. Kadinal ba mataki na huɗu ba ne, muƙami ne na mai ba Fafaroma shawara da mai zaɓen magajinsa, kuma kusan dukkansu bishop ne, ko da yake akan ɗauke wa wasu wannan sharaɗi, kamar Fada Timothy Radcliffe na Ingila wanda ya yi zaɓe a 2025 ba tare da ya zama bishop ba. Ranar naɗi ana ba kowane ɗaya jar hula da zobe, ana kuma ba shi wata majami'a a cikin birnin Roma wadda za a riƙa danganta shi da ita, ko da yana zaune a Kinshasa ko Manila. Hikimar ita ce, Fafaroma bishop ne na Roma, don haka waɗanda za su zaɓe shi dole su zama limaman Roma ko da a suna. Jan kayan kuwa tuni ne cewa ya ɗauki alkawarin tsayawa a kan bangaskiya har ga zubar da jininsa.

Amsar tambayarka ta uku shekaru ne. A 1970 Fafaroma Paul na 6 ya zartar cewa wanda ya cika shekara 80 ba zai ƙara yin zaɓe ba, kuma yadda dokar take yanzu ana duba ranar da kujerar ta zama babu kowa: wanda ya cika 80 kafin wannan rana ya fita. A 2025 Kadinal Francis Arinze yana da shekara 92, Kadinal Anthony Okogie na Legas yana da 88, Kadinal John Onaiyekan na Abuja yana da 81. Saura Kadinal Peter Okpaleke na Ekwulobia a jihar Anambra, mai shekara 62, shi ne ya shiga. Wannan doka ba ta duba girman kowa. Shugaban majalisar kadinaloli kansa, Giovanni Battista Re, mai shekara 91, shi ya jagoranci jana'izar Francis, amma da aka zo rufe ƙofa a waje ya tsaya, Kadinal Parolin ne ya shugabanci zaman a ciki.

Masu zaɓen suna kwana a masaukin Santa Marta da ke cikin Batikan, ba waya, ba jarida, ba rediyo, ana kuma toshe hanyoyin sadarwa na wurin. Masu dafa abinci da likitoci da direbobi duk sai sun yi rantsuwar riƙe sirri, wanda ya karya ta ya kori kansa daga tarayyar coci. Zaɓen kansa a ƙaramar majami'ar Sistina ake yi. Bayan kowa ya ɗora hannu a kan Linjila ya rantse, sai mai kula da tsarin sujada ya ce duk wanda ba mai zaɓe ba ya fita, a rufe ƙofa. Ana jefa ƙuri'a a fitar da mutum 9: uku masu ƙidaya, uku masu karɓo ƙuri'ar marasa lafiya daga ɗakunansu, uku masu bin diddigin ƙidayar. Kowa yana rubuta suna ɗaya a 'yar takarda, yana sauya rubutun hannunsa gwargwadon iko, ya ninke ta, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, ya taka shi kaɗai zuwa bagade, a gaban ƙaton zanen ranar shari'a da Michelangelo ya yi a bango. A nan zai faɗa da murya cewa ya kira Almasihu, wanda zai yi masa shari'a, ya zama shaida cewa ya ba wanda yake gani a gaban Allah ya cancanta. Sai ya ɗora takardar a faranti, ya karkata shi ta zame cikin tukunyar ƙuri'a. Mutum 133 kowa sai ya yi haka ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa zagaye guda ke cin lokaci mai tsawo.

Wajen ƙidaya, idan yawan takardun bai yi daidai da yawan masu zaɓe ba, ƙone su ake yi ba tare da an buɗe ba, a sake. Idan ya yi daidai, ana karanta kowane suna da ƙarfi, sannan a soke takardar da allura a zura ta a zare, a ɗaure bakin zaren. Ana yin zagaye ɗaya a yammacin ranar farko, daga nan biyu da safe biyu da yamma. Takardun da aka ƙona su ne ke ba da hayaƙin da kuke gani a talabijin, ana haɗa shi da sinadari don ya fito baƙi ƙirin idan ba a dace ba, ko fari fat idan an dace. Ranar 8 ga Mayun 2025 farin hayaƙin ya fito jim kaɗan bayan ƙarfe 5 na yamma agogon Najeriya da Nijar, a zagaye na huɗu.

Mu mun gaskata cewa Ruhu Mai Tsarki yana bi da masu zaɓen idan sun saurare shi, amma cocin ba ta koyar da cewa ba za su iya yin kuskure ba. Wanda ya karanta tarihin Fafaroma Alexander na 6, na gidan Borgia, wanda aka zaɓa a 1492, ba zai yi wannan da'awa ba.

'Yar Jarida, Yamai

Ina gaida malamai. Bayanan biyu sun gamsar, amma ina ganin Malam na Zariya ya rage wa tambayar Mai Rediyo nauyi fiye da kima, domin hannun marigayi Francis ya fito fili a zaɓen 2025 ga duk wanda ya bi tarihin wanda aka zaɓa. Robert Prevost, wanda ya zama Fafaroma Leo na 14, haifaffen Chicago ne, ya yi shekaru masu yawa yana aikin mishan a Peru, ya kuma shugabanci ƙungiyar limaman Augustine ta duniya daga 2001 zuwa 2013. Francis ne ya tura shi dayosis ɗin Chiclayo, wato yankin da bishop ke kula da shi, a Peru, a 2014. Francis ne ya kira shi Roma a farkon 2023 ya damƙa masa ofishin da ke tace sunayen waɗanda za a naɗa bishop a ƙasashe da dama, wato kujerar da manyan limamai daga ko'ina ke zuwa gabanta. Shi ya ba shi jar hula a watan Satumbar 2023, sannan a watan Fabrairun 2025, 'yan makonni kafin rasuwarsa, ya ɗaga shi zuwa sahun farko na kadinaloli. Mutumin bai cika shekara biyu da zama kadinal ba aka zaɓe shi. Ban ce Francis ya rubuta sunansa ya bari a ƙarƙashin matashi ba, amma ya tsayar da shi a inda kowa zai gan shi, kuma wannan ma wani nau'in zaɓe ne.

Abu na biyu da ba a taɓo ba shi ne kwanakin da ke gaban rufe ƙofa. Doka ta ce a jira kwana 15 zuwa 20 bayan kujerar ta zama babu kowa, ko da yake Benedict ya ba da damar a fara da wuri idan kowa ya iso. A wannan tsakani kadinaloli duka, har da waɗanda suka haura 80, suna taruwa kusan kullum, kowa ya tashi ya faɗi yadda yake ganin halin da cocin ke ciki. An haramta musu ƙulla yarjejeniya ko yi wa juna alkawarin ƙuri'a, amma ba a hana su musayar ra'ayi ba, kuma wanda ya san siyasa ya san tazarar da ke tsakanin biyun ba ta da faɗi. A 2013 gajeren jawabin da Bergoglio ya yi a irin wannan zama, inda ya ce cocin ta daina kallon kanta ta fita zuwa ga waɗanda ke gefe, shi ne ya juyo da hankalin mutane gare shi, har Kadinal Ortega na Havana ya roƙe shi rubutun ya kuma wallafa shi da izininsa. A 2025 waɗannan zamammaki sun ƙara muhimmanci, saboda masu zaɓen sun fito daga ƙasashe kusan 70 kuma da yawansu ba su taɓa haɗuwa ba. Francis ya bar manyan birane irin su Milan da Venice ba kadinal, ya je ya naɗa a Tonga, har da Mongoliya inda 'yan Katolika ba su kai 2,000 ba. Baƙon da bai san kowa ba dole ya dogara da abin da ya ji a 'yan kwanakin nan, da kuma fuskar da ya riga ya sani a Roma.

Abin da ya fi damuna shi ne rabon kujerun. Afirka tana da kusan kashi 20 cikin 100 na 'yan Katolikan duniya, daidai da Turai, kuma a nan ne adadin ke ƙaruwa da sauri. Amma a cikin 135 ɗin nan Turai tana da 53, Afirka tana da 18. Italiya ita kaɗai tana da 17, Najeriya mai 'yan Katolika sama da miliyan 30 tana da ɗaya, Kongo ta Kinshasa wadda ta fi kowace ƙasar Afirka yawansu ita ma ɗaya, Kadinal Ambongo. An dai sami ci gaba, domin a 2013 Turawa 60 ne cikin 115, Italiyawa 28, 'yan Afirka 11. Duk lokacin da aka zo zaɓe jaridu kan jera sunayen 'yan Afirka, Arinze a 2005, Turkson na Gana a 2013 da 2025, Sarah na Gini, amma ƙuri'a 89 ba ta fitowa daga 'yan Afirka 17 da suka shiga, tunda Njue bai je ba.

Mai Rediyo, Funtuwa

Madalla, Allah ya ƙara sani. Na fahimci cewa babu gwamna a wannan lamari, kuma naɗa masu zaɓe ba daidai yake da naɗa magaji ba, ko da yake hujjar Hajiya ta Yamai ta fi kama hankalina. Saura abu biyu. Dole ne wanda za a zaɓa ya kasance ɗaya daga cikin waɗanda ke ɗakin? Sannan an ce Paul na 6 ya iyakance masu zaɓe ga mutum 120, yaya aka yi 133 suka shiga, kuma idan ba a bin yawan jama'a wajen rabon, da wane ma'auni ake ɗauko mutum kamar na Ekwulobia a bar manyan birane irin su Abuja da Kaduna?

Ɗalibin Tarihi, Zariya

Malam, a doka ba dole ba ne. Duk namiji ɗan Katolika da aka yi wa baftisma ana iya zaɓensa, kuma idan ba bishop ba ne sai a naɗa shi bishop nan take kafin a sanar. Gregory na 10 da na ambata ba kadinal ba ne, yana birnin Akka a gabar Falasɗinu lokacin da saƙon ya iske shi. Amma rabon da a ɗauko wani daga waje tun 1378, lokacin Urban na 6, kuma abin bai yi daɗi ba, domin kadinalolin da suka zaɓe shi sun juya masa baya cikin 'yan watanni suka zaɓi wani, cocin ta rabu kusan shekara 40, har aka kai lokacin da mutum uku ke da'awar kujerar.

Batun 120 kuwa, doka ce da Fafaroma ya kafa, don haka Fafaroma yana iya tsallake ta. Sixtus na 5 ya tsai da adadin kadinaloli a kan 70 a 1586, aka bi wannan har John na 23 ya wuce shi a 1958. Paul na 6 ya sa iyakar 120 ga masu zaɓe, John Paul na 2 ya maimaita ta a dokarsa ta 1996 wadda ake bi har yau, amma shi kansa ya sha wuce ta, da lissafin cewa wasu za su cika 80 nan ba da daɗewa ba. A da lissafin yakan yi daidai kafin ranar zaɓe. A 2025 ne karo na farko da bai yi ba, sai majalisar kadinaloli ta bayyana cewa tun da Francis ya naɗa su da saninsa, ya ɗage iyakar ke nan, kuma dokar 1996 ɗin ita ma ta ce ba a hana kadinal mai haƙƙin zaɓe shiga. Mutum ɗaya da batunsa ya ta da ƙura shi ne Kadinal Becciu, wanda Francis ya karɓe wa haƙƙoƙin muƙamin a 2020 kan badaƙalar kuɗi. Ya fara cewa zai shiga, daga baya ya janye.

Hajiya ta yi gaskiya a kan Prevost, ban musa ba. Abin da zan ƙara shi ne kadinal ba wakilin ƙasarsa ba ne a doka, shi ya sa ba a raba kujerun bisa yawan jama'a, kuma 'yan Afirka 17 ɗin ba jam'iyya ɗaya ba ce. Tarihin shigarsu ma gajere ne: Laurean Rugambwa na Tanganyika, Tanzaniya ta yau, shi ne na farko a wannan zamani, a 1960, Najeriya kuma ta sami nata na farko a 1976, Dominic Ekandem, wanda daga baya ya jagoranci cocin Abuja. Duk da haka Bernardin Gantin na Jamhuriyar Benin ya kai ga shugabancin majalisar kadinaloli daga 1993 zuwa 2002.

Ma'aunin ɗauko mutum ra'ayin Fafaroma ne kawai, kuma labarin Okpaleke ya nuna haka ƙarara. Benedict ya naɗa shi bishop na Ahiara a jihar Imo a ƙarshen 2012, amma limamai da jama'ar wurin suka ƙi karɓarsa saboda ba ɗan yankin Mbaise ba ne, har ya zama bai iya zama a dayosis ɗin ba. A 2017 Francis ya ba limaman kwana 30 kowannensu ya rubuto wasiƙar neman gafara da biyayya, in ba haka ba a dakatar da shi. Wasiƙu sun tafi, amma turjiyar ba ta kau ba, sai Okpaleke ya ajiye muƙamin a 2018. A 2020 aka ƙirƙiri dayosis ɗin Ekwulobia aka ba shi, a watan Agustan 2022 kuma Francis ya ba shi jar hula, ya tsallake duk manyan bishop-bishop na ƙasar da ke kan kujera, har da na Legas da Abuja da Onitsha da Kaduna da Jos. An haife shi ranar 1 ga Maris 1963, saboda haka idan da rai da lafiya yana da haƙƙin shiga duk zaɓen da ya taso kafin Maris ɗin 2043.